Inna da Gidan da Ta Roƙa

Ranar da Inna ta rasu, tun kafin mu gama kimtsa ta tsakar gida ta cika. Matan zumuntar majami'armu suka zo da zannuwansu iri ɗaya, suka zauna gefen murhu suna rera waƙa ƙasa-ƙasa, wasu ba sa iya kai baiti ƙarshe saboda kuka. Maƙwabtanmu kuwa, waɗanda kusan dukansu Musulmi ne, mazan suka shimfiɗa tabarmi a inuwar bango ta waje, matan suka shigo da tukwanensu ba tare da an roƙe su ba. Yawancinsu "Allah shi ba da haƙuri" suke ce mana su tsaya nan, don sun san Inna Kirista ce, ba su son faɗin abin da za a yi musu gyara a kai. Sai ga wata tsohuwa mai sayar da daddawa, wadda suka yi shekaru suna zama rumfa ɗaya da Inna a kasuwar Madawa, ta shigo tana dogara sanda. Ta ɗaga murya ta ce, "Allah shi jiƙan ta! Na faɗi. Mai kai ƙarata shi kai." Mutane suka yi dariya da hawaye a fuskokinsu.

Wani dattijo da muka taɓa zaman haya a gidansa ya zo, bai iya zama ba. Ya tsaya bakin ƙofa yana murza hularsa, ya ce mini, "Ɗiyata, har yau iyalina na cin zogalen da uwarki ta dasa. Ni kuwa ni na tashe ku." Na ce masa Inna ba ta taɓa ambatonsa da sharri ba, kuma gaskiya na faɗa masa.

Da la'asar wata Buzuwa ta sauka daga motar kasuwa, daga can arewacin Keita ta taso. Ba ta gai da kowa ba sai da ta shiga ɗakin Inna ta zauna ƙasa kusa da gadon, ta lulluɓe kanta da baƙin mayafinta. Ta daɗe a haka. Jikokin Inna suka yi ta tambayata ko wace ce.

Tambayar tasu ce ta sa ni wannan rubutu. Ƙananan cikinsu a gidan nan nata suka buɗe ido, gani suke tun fil azal yana nan. Ba su san kakarsu ta yi fiye da rabin rayuwarta tana roƙon Allah ɗaki guda ba. Ni ɗiyarta ce ta biyu, na ga abin da idona, ba na so ya bi ta kabari.

Inna ƴar wani ƙauye ce kusa da Garhanga. Tana sabuwar amarya ita da Baba suka karɓi bangaskiyar Almasihu, kakanmu, mahaifin Inna, ya ce kada su ƙara kwana a gidansa. Daga baya zuciyarsa ta yi sanyi har yana amsa gaisuwa, amma maganar kwana ba ta canza ba. Baba ya zama mai bishara a wata ƙaramar majami'a a ƙauyukan Madawa, aka ba shi gida mai ɗaki biyu a bayanta. Nan aka haife mu. Da ciwon hanta ya ɗauke shi, dattawan majami'a suka zo suka zauna suna ta kewaye-kewaye, sun kasa faɗin abin da ya kawo su. Inna ce ta sauƙaƙa musu. Ta ce, "Na sani. Gidan na mai aiki ne, sabon mai bishara shina da iyali. Ku bar ni in yanke hatsina." Bayan girbi ta share ɗakunan, ta shafe tsakar gida da sabuwar ƙasa, ta cika randa da ruwa don matar da za ta shigo. Muka ɗora kayanmu a amalanken jaki muka nufi Madawa. Ina kuka na tambaye ta ina za mu. Ta ce, "Ban sani ba. Amma Wanda muke bi ya san inda za mu kwana."

Wannan magana ta zama abin bakinta. Ko tuwo ya ƙone, ko akuya ta ɓata, sai ta ce, "Ya sani." Har matan kasuwa suka riƙa tsokanarta da ita, in ta doso su ce, "Ga Ya Sani nan tahe."

Gabu take yi. Lokacin cirar albasa takan bi lambuna ta kwaso ganyen da masu lambu suka yanke, ta daka, ta dunƙula, ta shanya, ta kai kasuwa. Hannuwanta kullum warin albasa suke, har ranar Lahadi in ta ɗaga su tana addu'a. Da wannan ta ciyar da mu, ta sa mu lakwal, wato makarantar boko, take biyan haya.

Ban iya lissafa gidajen da muka zauna ba. Wani mai gida ɗansa zai yi aure, wani ya sayar da gidan, wani kuma da ya ji muna waƙa da safe ya gane ko mu su wane ne, sai ya aiko matarsa ta ce mana baƙi na zuwa. Amma duk inda muka sauka abu biyu Inna take yi kafin a kwance ƙunshin kaya. Takan sa mu durƙusa a tsakiyar ɗakin ta gode wa Allah saboda rufin, ta yi wa mai gidan da iyalinsa addu'a. Sannan ta nemi lungu a tsakar gida ta soka reshen zogale. Yayana ya taɓa ce mata, "Inna, mi ne ne amfanin dasa icce a gidan mutane?" Ta ce, "Wanda zai shigo bayanmu ba ya cin miya?"

Addu'arta ba ta da tsawo, ba ta da ado. Da asuba, lokacin da ladanai ke kiran salla, ita ma takan tashi ta durƙusa a kan buhu. Takan ambaci mu ɗaya bayan ɗaya, ta ambaci ƴan'uwanta na ƙauye, ta ƙare da cewa, "Ya Uba, ka ba ni ɗaki guda wanda ba mai ce mini in tashi. In ba yanzu ba, ka ba ni haƙurin jira. Cikin sunan Yesu." Na ji wannan roƙo ina ƴar lakwal, na ji shi ina budurwa, na ji shi ina goye da ɗana na fari in na zo ganin gida. Ban taɓa jin ta ƙara wa ɗakin girma a cikin roƙon ba, ban kuma ji ta gaji da shi ba.

Kada a ɗauka ba ta jin zafi. Akwai ranar da muka tashi daga wani gida da ta so ƙwarai, mai rijiya a ciki. Ta zauna a kan ƙullin kaya, ta ƙi cin abinci yini guda. Da yamma na ji tana magana ita kaɗai, kamar mai yi wa babba ƙorafi: "Na gaji, ka ga na gaji. Ƙafafuna sun fara ciwo." Washegari ta tashi ta durƙusa kamar kullum.

Buzuwar nan da ta zo ta'aziyya, a irin wannan zama Inna ta same ta. Ta kawo ƴarta likita, yarinyar na fama da ciwon da ya ƙi jin magani, mijin yana can cin rani ba labari. Ba ta san kowa a Madawa ba, Hausarta ma kaɗan ce, a gindin katangar gidan likita take kwana. Inna ta gan ta tana dawowa daga kasuwa, ta ɗauko ta da ƴar zuwa ɗakinmu, ɗaki guda da mu huɗu muke ciki. Yayana ya koma kwana zaure. Matar mai gida ta ce, "Ke da ba ki da gida, kina kwaso baƙi?" Inna ta ce, "Ai shi ya sa na san daɗinsa." Sun yi damina guda tare da mu. Yarinyar ba ta tashi ba. Da ta cika, Inna da kanta ta bi gida-gida ta kira limamin unguwa da maza, ta ce ga baƙuwa Musulma ta yi rashi, a zo a yi wa ƴarta sutura yadda addininsu ya ce. Zanenta fari na zuwa majami'a ta bayar aka yi likkafani.

Abin da ya fi yi mata ciwo a duk shekarun nan shi ne faɗansu da Kawu, ƙanenta da suke uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ita ta goya shi. Wata damina ruwa ya zo da iska da rana tsaka, bangon gabas na ɗakin da muke haya ya zube. Allah ya sa ba kowa a ciki. Muka koma harabar majami'a, aka kafa mana rumfar zana da leda. Labari ya kai ƙauye, Kawu ya hawo mota ya zo. Ya same ta tana shanya tufafinmu da suka jiƙe da laka. Ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba.

Ya ce, "Yaya, ki dubi kanki. Ɗiyar gidanmu cikin rumfa kamar awaki? Ki tashi mu tahi gida. Akwai ɗakin tsohuwarmu, ba kowa ciki. Na yi magana da tsohonmu, ya yarda. Abu guda ne, ki bar wanga abu da kika ɗauko, ki dawo cikin dangi."

Inna ta ce, "Na gode, ƙanena. Ka gai da tsoho."

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba! Shekara nawa kina roƙo? Ina gidan? In da ana jin ki da an amsa."

Na ga hannunta ya tsaya a kan igiya. Ta juyo ta ce, "Da ka ce in zo in zauna don ni yayarka ce, da yanzu na ɗaure kaya. Amma ɗakin da za a ba ni in musanta Wanda ya riƙe ni ranar da mijina ya mutu, ban iya kwana cikinsa. Kai ma da an ce ka bar salla a ba ka gida, za ka karɓa?"

Kawu ya ce, "Kada ki haɗa!"

Ta ce, "To kada ka sa ni in zaɓa."

Ya kaɗe rigarsa ya tafi. Shekaru suka wuce ba su yi magana ba. Amma duk kaka sai buhun hatsi ya sauka a tashar mota, direba ya ce an ce a ba mai gabu, ba a faɗi wanda ya aiko ba. Ita ma duk rani sai ta ƙulla gabu mafi kyau ta ba wannan direban, ba saƙon baki. Da kakanmu ya rasu ta je ta'aziyya, ta yini ta dawo. Aka raba gado, malamin da ya raba ya ce ba ta da rabo tunda addini ya bambanta. Da na nuna ɓacin rai ta ce, "Malam ya faɗi abin da ya karanta. Ki bar shi."

Yayana ya tafi Abijan da alkawarin zai dawo ya gina mata gida. Ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya dawo da ciwon baya da iyali da ƴan kaya a jaka. Ni da mijina muna aikin koyarwa a Buza, ana juya mu daga gari zuwa gari, mu ma haya muke. Na roƙe ta ta dawo wurinmu, ta ce ba ta zama gidan suruki, kuma majami'arta da kasuwarta suna Madawa. Wani dattijon majami'a da matarsa ta rasu, mai gida babba, ya aiko neman aurenta. Ta yi dariya har da tari, ta ce a gaya masa gida ta roƙa, ba ta roƙi miji ba.

Tana cikin tsufa, gashinta ya yi fari fat, sai yanar ido ta rufe wa Kawu gani. Aka kawo shi Madawa aka yi masa aiki, likita ya ce sai ya zauna kusa ana duba shi. Ɗansa yana neman inda za su sauka, Inna ta ji, ta je ta kama hannun ƙanenta, ta jawo shi har ɗakinta. Ta ba shi gadonta, ta koma tabarma. Ita ke ɗiga masa magani, ita ke nuna masa gabas in zai yi salla, ita ke zuba masa ruwan alwala.

Ina nan na zo duba su wata safiya, mai gidan ya yi sallama ya tsaya bakin ƙofa. Ya ce shi dai ba don rashin kirki ba, amma zai fasa ɗakin ya mayar da shi butik, wato shago, tunda yana bakin hanya, sai Inna ta nemi wuri kafin ruwa ya sauka. Inna ta ce, "To, Alhaji. Allah shi sa albarka cikin butik ɗin. Ka dai bar ni ƙanena shi warke." Ya tafi. Ta koma ta ci gaba da tankaɗen gari.

Kawu yana kwance, idanunsa a ɗaure da bandeji. Ya ce, "Yaya, haka ake yi miki?"

Ta ce, "Wani lokaci."

"Sau nawa?"

"Ban ƙirga ba."

Sai na ga bandejin yana jiƙewa. Inna ta ajiye rariya ta ce, "Kai, likita ya ce kada ruwa shi taɓa idon nan! So kake a sake aiki?" Ya ce, "Kullum da asuba ina jin ki kina kiran sunana cikin addu'arki. Tun yaushe?" Ta ce, "Tun kana goye a bayana."

Da ya warke ya koma ƙauye. Inna ta koma wani ɗan ɗaki a bayan kasuwa, ta soka zogalenta. Bayan girbi sai ga Kawu da kabu-kabu biyu, ya ce mu hau. Aka kai mu bakin gari ta hanyar Buza, wani fili mai tsakuwa da ƴan sabara, an kafa duwatsu a kusurwoyinsa. Ashe Kawu ya sayar da rabonsa na fadama, wurin da yake noman albasa, abin da ya fi komai daraja a gadonsu. Ya ce, "Malam ya ce ba ki da gado. Na tambaye shi kyauta fa? Ya ce kyauta ba wanda ya hana. Na gama da meri, ofishin magajin gari, da sunanki anka yi takardun."

Inna ta tsaya tana kallon filin. Sai ta durƙusa a kan tsakuwar nan da gwiwoyinta masu ciwo, ta ɗaga hannu ta ce, "Yesu, ka amsa. Na gode."

Kawu ya ce, "Ikon Allah! Ni na sayar da fadamata, wani ake yi wa godiya."

Ta ce, "Wa ya taɓa zuciyarka?"

Ya ce, "Allah."

Ta ce, "To zo ka ɗaga ni, ƙafata ta riƙe."

Ginin ma haka ya zo, da hannun mutane. Samarin majami'a suka buga tubali ranakun Asabar, matan unguwar da ta taɓa zama suka yi ta jido ruwa, mai butik ɗin nan ya aiko da kwanon rufi, yayana ya yi aikin kafinta duk da bayansa. Ɗaki biyu aka yi da zaure, ita da ta roƙi ɗaya. Ta ce na biyun ba nata ba ne, kuma bai taɓa zama ba kowa ba. Masu jinya daga ƙauye, matan da mota ta bari, ɗaliban da ba su da masauki, duk sun kwana cikinsa. Fasto ya zo ya yi addu'ar buɗe gida, Kawu yana zaune a zaure da carbinsa, da aka gama ya shafa tasa fatihar.

Shekarun da ta yi a gidan ba su kai ko kusa da waɗanda ta yi tana jira ba. Na taɓa ce mata da ma ya zo da wuri, lokacin da take da ƙarfin jin daɗinsa. Ta ce, "Da ya zo da wuri, da ban sami ƙanena ba." Roƙon ɗaki ya fita daga addu'arta ta asuba, ta maye gurbinsa da sunayen waɗanda ta san suna zaman haya, har da ni.

Ciwon ajalinta bai daɗe ba. Da muka ga jiki ya yi nauyi muka aika wa Kawu, ya iso da hantsi, shi ma yanzu da sanda. Ya zauna bakin gadon, suka nemi gafarar juna kamar yadda ake yi. Ya riƙe hannunta ya daɗe, sannan ya sunkuya ya ce, "Yaya, kina jin tsoro?"

Ta buɗe ido ta dube shi. Muryarta ta yi ƙasa ƙwarai, sai da muka matso. Ta ce, "Tsoron mi? Duk tashin da na yi ban san inda za ni ba, kuma ya kai ni. Wanga karo na san inda za ni."

Ba ta ƙara wata doguwar magana ba. Kafin azahar Inna ta cika, hannunta cikin na ƙanenta. Shi ya rufe mata ido.

Ubangiji da ta dogara gare shi ya karɓe ta, ya ta'azantar da mu da ta bari, ƴaƴa da jikoki da dangi na kowane ɓangare. Ya ba mu ko kaɗan daga irin haƙurinta. Amin.